Ladan Kuturu: Wa Zai Kwashe Sharar Kasuwanninmu?

Da zarar damina ta kankama, takardun maganin da ke fitowa daga ɗakunan likitoci a yankinmu sukan koma kusan iri ɗaya: garin gishiri da sukari, ledar ƙarin ruwa, maganin taifod, maganin amai. Mu ma'aikatan sashen magunguna mun san wannan lokaci kamar yadda manomi ya san ranar shuka. Kowace shekara kuma bayanin da ake yi wa jama'a a rediyo da wajen awon ciki ba ya canzawa: mata su kula da tsaftar gida, a rufe abinci, a wanke wa yara hannu. Nasiha ce ta gaskiya, babu mai musunta. Abin da nake ƙi shi ne yadda aka mayar da ita mafaka, aka jibge wa uwargida dukkan laifi, aka kawar da kai daga wurin da cutar ta fi samun hanyar shiga gidaje.

Matar da ta share tsakar gidanta tun da asuba, ta wanke kwanukanta, ta rufe randarta, ba ita ta wanke latas ɗin da aka kawo mata ba, ba ita ta yanka naman ba, ba ta kuma ga ruwan da aka dama furar da maigida ya sha a rumfa ba. Duk wannan daga kasuwa ya zo. Kasuwar da ba ta da makewayi, ba ta da ruwa, ba a kwashe mata shara, cuta take rabawa tare da cefane. Ita kuwa kasuwa tana da masu ita, waɗanda doka ta ɗora wa gyaranta, waɗanda kuma suke yankar rasit duk ranar da ta ci. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Yadda cuta ke biyo cefane

Mu ɗauki kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, wadda ke tara mutanen Kurfi da Safana da Ɗanmusa da Charanci da Kankiya da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Mutum ya baro gida da sassafe, ya wuni a kasuwa har la'asar sakaliya. Ya ci, ya sha, kuma tilas buƙatar kewayawa ta kama shi, domin ɗan'adam ne. Idan babu makewayi kusa, ko akwai amma ya cika, ko babu ruwa a cikinsa, bayan katanga zai nufa, ko cikin kwata, ko gefen juji. Wanda ya tsuguna ɗin nan yana iya zama mai tsire, ko mai yanka kankana, ko yarinyar da ke tallar awara. Zai dawo kan sana'arsa da hannun da bai ga sabulu ba.

A nan ne haɗarin yake, domin yawancin waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga cikinsu ba sa jin komai. Lafiya lau suke yawo, amma suna fitar da ƙwayar a bahayarsu har tsawon kwana 10. Taifod ma haka take: cikin waɗanda suka warke akwai kaɗan da ƙwayar ke zauna musu a matsarmama, su yi ta zubar da ita shekara da shekaru ba su sani ba. Saboda haka kallon fuskar mai abinci ba ya gaya maka komai. Abin da ke raba bahayarsa da bakin ɗanka shi ne makewayi mai rufi da ruwa da sabulu.

Sai ƙuda. Mutane sun ɗauke shi abin kora kawai, alhali shi ne ɗan aiken da ke tsakanin juji da faranti. Macen ƙuda takan saka ƙwai kusan 100 a zama ɗaya, a kan ruɓaɓɓen tumatir ko tumbin dabba ko kashin mutum. A yanayin zafi irin namu, daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Mai karatu ya auna wannan da kasuwar da ke ci mako-mako. Sharar da aka watse aka bari ranar Laraba ita ce ke ƙyanƙyashe ƙudan da zai sauka a kan naman Larabar gaba. Kasuwa ce ke renon ƙudanta da kanta, mako bayan mako.

Sai ruwan sama. Ledar ruwa da baƙar ledar cefane sun toshe kwata, ruwa ya rasa hanya, ya kwashi abin da ke kan juji da abin da ke bayan katanga, ya bi lungu, ya shiga kududdufi, ya tsiyaya cikin rijiyar da ba ta da murfi. Daga irin wannan rijiya ko kududdufi wani ɗan garuwa zai cika jarkokinsa, mai kayan miya ya yayyafa wa alayyafonsa don kada ya yi yaushi, mai abinci ta ɗauraye kwano hamsin a cikin roba guda. Ruwan da ya kwanta a gefen hanya kuma sauro ya samu wurin hayayyafa. Ɓera ma na nan, wanda juji ke ciyar da shi, ya kwana a cikin buhunan hatsi da garin rogo. Ta fitsarinsa da kashinsa ne zazzaɓin Lassa ke kama mutane.

Abin da shekarar 2021 ta koya mana

Wanda yake ganin wannan tsoratarwa ce, ya tuna 2021. A shekarar, Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton kwalara ta kama, sama da 3,600 suka rasu. Katsina na cikin jihohin da suka fi jin jiki, tare da Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 14 su ne annobar ta fi kamawa. Kwalara cuta ce da idan aka yi wa mai ita ƙarin ruwa a kan lokaci, wanda ke mutuwa ba ya kai 1 cikin 100. Mu a waccan shekara mun rasa fiye da 3 cikin kowane 100. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa ta baki ƙwayar ta shige shi, a cikin ruwa ko abincin da bahayar wani ta taɓa. Cutar ba ta da wata ƙofa sai wannan.

A shekarar dai, binciken ƙasa kan ruwa da tsafta da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga da UNICEF ya nuna cewa mutum kusan miliyan 48 ne ke bahaya a fili a Najeriya. Ya kuma nuna cewa kashi 4 cikin 100 kacal na kasuwanni da tashoshin mota ne ke da ruwa da makewayi da wurin wanke hannu a haɗe. Wato cikin kasuwanni da tashoshi 25, guda ɗaya. Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da ƙa'idar da suke bi ko a sansanin 'yan gudun hijira: makewayi ɗaya ga kowace rumfa 50 a lokacin gaggawa, ɗaya ga kowace 20 idan zama ya yi tsawo. Ina roƙon mai karatu, ranar kasuwa mai zuwa, a Dutsin-Ma ko Kurfi ko duk inda yake cefane, ya ƙirga rumfuna, ya ƙirga makewayin da mutum zai iya shiga, ya raba. Amsar da ya samu ta ishe shi hujja.

Kuɗin da ba a kashe a kasuwa ba, a kantin magani ake biyansa

Shara ba ta zama kyauta. Idan hukuma ba ta biya kuɗin kwashe ta ba, magidanci ne zai biya, kuma ninkin-ba-ninkin. Yaro ya fara gudawa, sai a ruga kemis a sayo Flagyl da kafson nan ja da yalo. Bai tsaya ba, a koma a yi masa allura. Ya galabaita, a ɗauki hayar babur ko mota zuwa asibiti, a sayi ledar ƙarin ruwa da abin saka ta, a biya gwaji, uwa ta bar sana'arta, uba ya bar gonarsa ana tsakiyar noma. Gidaje nawa ne suka sayar da akuya ko buhun gero saboda jinyar kwana huɗu? Wannan haraji ne na biyu, wanda babu mai ba da rasit a kansa, kuma talaka ya fi kowa biyansa.

Akwai hasarar da ta fi wannan girma, wadda mu masu riƙe da magani muke gani tana tafe. Yawancin gudawar ƙananan yara ba ta buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc take buƙata. Amma tunda gudawa ta zama abincin kullum, shan waɗannan magunguna ma ya zama na kullum, rabi-rabi, ba bisa ƙa'ida ba. Duk lokacin da aka yi haka, ana koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su jure wa magani ne. Magungunan da iyayenmu suka sha don taifod, irin su chloramphenicol da Septrin, sun daina aiki a kan ire-irenta da yawa. Ciprofloxacin da ya gaje su ma ƙarfinsa na raguwa. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka samu nau'in taifod da ya gagari kusan dukkan magungunan da aka saba ba da su, har da allurar ceftriaxone, kuma gurɓataccen ruwa ne ya yaɗa shi. Wani babban bincike na duniya ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da magani ya daina yi musu, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ba mu da wani sabon magani a ɓoye a bayan kanta da za mu fito da shi ranar da waɗannan suka gaza. Hanyar da ta rage mana ita ce rage yawan kamuwa, rage kamuwa kuwa daga makewayi da juji yake farawa.

Nauyin wa ne?

Doka ba ta bar wannan tambaya a duhu ba. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai kafawa da kulawa da tsara kasuwanni da mayanka da tashoshin mota da makewayin jama'a, akwai kuma kwashe shara da ƙazantar ruwa. Saboda wannan nauyi ne aka ba ta ikon karɓar kuɗin rumfa da kuɗin shigo da kaya da kuɗin dabbobi. A matakin jiha akwai Hukumar Kare Muhalli, SEPA, da Ma'aikatar Muhalli. A cikin kasuwa kuma akwai Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda su ma suke tara kuɗin ƙungiya. Masu karɓa suna da yawa. Idan aka zo maganar juji sai kowa ya nuna na kusa da shi.

Mu yi lissafi na misali, wanda kowa zai iya sauya alƙalumansa da na kasuwarsu. A ce masu kasa kaya 1,000 ne, kowa ya biya naira 100 a ranar kasuwa. Naira 100,000 ke nan a mako, naira miliyan 5.2 a shekara, ba a saka kuɗin dabba ko na motocin kaya ba. Wannan ya isa biyan masu shara da safiyar Alhamis, da hayar motar kwashewa, da yashe masai, da sayen sabulu. Mai tumatir da ta miƙa kuɗinta tana da haƙƙin ta san inda ya tafi, kamar yadda mai jinya ke da haƙƙin ganin maganin da ya biya. Abin da ya dace shi ne a kafa allo a bakin kowace kasuwa, a rubuta abin da aka tara a wata da abin da aka kashe a kan tsafta. Mai gaskiya ba ya tsoron allo.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ko da aiwatar da hukuncin ya yi tafiyar hawainiya, kuɗin kasuwa tun asali a kasuwa ake karɓarsa, hannu da hannu, ba ya jiran Abuja.

Uzurorin da muka gaji da ji

Uzuri na farko shi ne wai mutanenmu ƙazamai ne, ko an gina musu ba za su yi amfani da shi ba. Wannan cin fuska ne ga mutanen da ke alwala sau biyar a rana, waɗanda ba sa fita sai da buta. Mutumin da ya tsuguna bayan katanga yana waige-waige ba don daɗi yake yi ba. Wuri ya rasa. Mata kuwa sun fi kowa shan wuya: da yawansu sukan ƙi shan ruwa wuni guda don kada fitsari ya matse su a kasuwa, abin da ke jawo musu ciwon mara da na mafitsara. A gina makewayi mai tsafta, mai ƙofa, mai ruwa, ɓangaren mata daban, sannan a zo a yi mana maganar hali. Maƙwabciyarmu Jigawa, Hausawa da Fulani irinmu, ita ce jiha ta farko a Najeriya da aka tabbatar ta rabu da bahaya a fili, a 2022. Halinsu da namu ɗaya ne.

Uzuri na biyu shi ne matsalar tsaro ta sha gaban komai. Babu ɗan Kurfi ko Dutsin-Ma ko Safana da ke buƙatar a ba shi labarin 'yan bindiga. To amma rashin tsaron ne ya koro mutanen ƙauye zuwa cikin gari, ya ƙara cunkoso, ya ƙara masu shan rijiya guda da masu shiga masai guda. Wannan dalili ne na ƙara himma a kan tsafta. Mun kuma ga iyakar ikon hukuma a kan kasuwa: a 2021, saboda tsaro, gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Dutsin-Ma, kuma dokar ta yi aiki nan take. A shekarar ce kwalara ke ɗibar rayuka. Ikon da ya iya rufe kara da sanarwa guda ba zai gaza kwashe juji ba, idan an ɗauki ran da gudawa ta kashe daidai da ran da bindiga ta kashe.

Uzuri na uku shi ne ai ana tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. Wannan al'ada gadon mulkin soja ce, tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiyagbon a 1984 da 1985, kuma tana da amfaninta. Sai dai ƙuda ba ya jiran ƙarshen wata. Kafin wata ya zagayo ya haifi 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Sau da yawa kuma abin da ake yi shi ne a yashe kwata a tara dagwalon a bakinta, babu motar ɗauka, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito.

Uzuri na huɗu shi ne ai ana ƙonewa. Ƙona leda da roba a tsakiyar jama'a sauya wa guba hanya ne, daga ciki zuwa huhu. Hayaƙinsu na tayar da asma, yana kuma ɗauke da sinadaran da aka tabbatar wasunsu na jawo ciwon daji. Haka babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya da ake yi a wasu mayanka: baƙin da ke manne wa ganda, shi ake ci. Ledar da ba a ƙone ba kuma dabbobi ne ke haɗiye ta. A tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa daga tumbin saniya ko tunkiyar da ta yi ta ramewa ba a san dalili ba.

Abin da ya kamata mu nema

Na farko, makewayi da ruwa. Kowace kasuwa ta samu isassun makewayi, na mata daban, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, da wanda ake biya don ya kula da su, da wurin wanke hannu a ƙofa. Madatsar ruwa ta Zobe a cikin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma take, kuma a 2021 aka ƙaddamar da aikin da ke tace ruwanta don kai shi har birnin Katsina. Yankin da ke shayar da babban birnin jiha ya cancanci famfo a kowane layi na kasuwarsa.

Na biyu, a kwashe shara kafin ta kwana biyu. Kasuwar da ta ci Laraba, hantsin Alhamis ya same ta a share, an ɗauke tarin zuwa wurin da aka keɓe a bayan gari. Wannan kaɗai ya isa ya karya zagayen ƙuda.

Na uku, a raba shara tun daga rumfa. Mafi yawan abin da kasuwar ƙauye ke zubarwa ruɓaɓɓen kayan gwari ne da ƙaiƙayi da kashin dabbobi da toka, wato taki. Manoman kewayen Kano sun shekara aru-aru suna ɗibar takin birni a kan jakuna zuwa gonakinsu. Yau da buhun takin zamani ya gagari ƙaramin manomi, masu lambu a bakin Zobe da manoman gero na Kurfi za su karɓe shi hannu bibbiyu, muddin babu leda da kwalba da allura a ciki. Ƙarfe da roba kuwa 'yan jari-bola na saye. Allurai da sirinjin da masu kemis suka yi amfani da su a tara su a kwalin da aka tanada don haka, a kai asibiti a ƙone. Kada su isa jujin da almajirai ke tonawa da hannu.

Na huɗu, mayanka ta samu daɓen siminti da ruwa mai gudu da ramin zuba jini da tumbi, nama kuma ya hau tebur a ƙarƙashin raga.

Na biyar, a dawo da duba-gari cikin kasuwa. Dattawanmu suna tuna zamanin En'e, lokacin da duba-gari ke leƙa randa da masai, mai abinci na ganinsa ta gyara zama. Har yau akwai jami'an lafiyar muhalli a ƙananan hukumomi, masu horo da rajista. A ba su kayan aiki da goyon baya, su fara da duba abin da hukuma ta tanada kafin su ci tarar mai tallar ƙosai. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da malamai da ɗaliban nazarin ƙwayoyin cuta. Ƙaramin aiki ne a gare su su riƙa gwada ruwan rijiyoyin kasuwa kafin damina da tsakiyarta, a sanar da jama'a sakamakon da Hausa.

Waɗannan buƙatu ba za su kai kansu ofis ba. Kowace mazaɓa tana da kansila, tana da kwamitin da ke kula da asibitinta. Masarauta tana da kunne: Yandakan Katsina a Dutsin-Ma, Maradin Katsina a Kurfi, da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsu. Ƙungiyoyin mata da na matasa da na 'yan kasuwa su rubuta takarda, su sa hannu, su kai, su riƙe kwafi, su koma bayan wata guda su tambayi inda aka kwana. Idan masu neman ƙuri'a suka zo, a tambaye su makewayi nawa za su gina a kasuwa, kuma a wane wata.

Kafin a gyara, ga abin da gida zai yi

Duk abin da za a ci ɗanye, latas da kabeji da karas da tumatir, a wanke shi da ruwa mai tsafta a gida, ko da an ga alamar an wanke a kasuwa. A lokacin annoba a dafa ya fi. Abincin da aka sayo a sake ɗumama shi har ya yi tururi. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tace ruwa bisa umarnin da ke jikinsa, a ajiye a mazubi mai murfi, a daina tsoma moɗa da hannu a ciki. Wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da kafin taɓa abinci yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A tafi cefane da kwando ko jaka, a rage karɓar leda.

Idan gudawa ta fara, kada a ce haƙori ne a zauna jira. A narka ƙunshin ORS guda a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan bayan kowace gudawa, a zubar da abin da ya kwana ɗaya a haɗa sabo. Idan babu shi a kusa, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Yaro ya sha zinc kullum har kwana 10 zuwa 14, miligiram 20, ko 10 idan bai kai wata 6 ba. A ci gaba da ba da nono da abinci. Idan gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini, ko amai ya hana shan komai, ko ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, jiki ya saki, a tafi asibiti a wannan sa'a, ana tafe ana ba shi ruwan. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i kaɗan. Kada a tsaya sayen kafso a hanya.

Wannan shi ne rabon gida, kuma mata sun daɗe suna ɗauke da shi su kaɗai. Saura rabon masu rasit. Ranar Laraba mai zuwa, idan mai karɓar kuɗi ya miƙo maka takarda, ka biya, sannan ka tambaye shi cikin ladabi inda makewayi yake da ranar da za a kwashe jujin da ke bayanka. Idan mutum ɗari suka yi masa wannan tambaya a wuni guda, za ta isa kunnen wanda ya aiko shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana zuriya.